FILIN SABABBIN KAYAN AIKI: Wane rigakafi ya dace da waya da kwamfuta?

Kaka ta yi. An kai gero rumbu, an sayar da wake da gyaɗa. A kasuwar Tasawa da ta Mayahi, rumfunan masu sayar da waya sun cika da jama'a. Wani ya sayar da buhun wake ya sayi waya. Wani ya sayar da jar akuya. Ƴan ci-rani da ke Kano, Legas, Abijan, Aljeriya da Libiya kuma suna aiko wa iyayensu da babbar waya, wadda ake shafa gilashinta da yatsa. A wasu gidaje ma akwai kwamfuta: gidan malamin makaranta, gidan ɗalibi, gidan sakataren ƙungiyar manoma.

Wannan ci gaba ne. Wayar salula ta shigo Nijar a shekarar 2001. Wata malamar jami'a ta Amurka, Jenny Aker, ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta iso, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Manomin Korgom yana iya jin farashin Maradi tun bai ɗaura wa jaki kaya ba.

Amma yau waya ta wuce abin gaisuwa. Cikinta akwai kuɗi. Akwai lambobin dangi da na abokan ciniki. Akwai hotunan iyali. Akwai lissafin adashe da na asusun Mata Masu Dubara. Waya ta zama rumbu na biyu. Kowane rumbu kuwa yana da ƙwarinsa, yana da ɓarawonsa.

MENENE BIRUS?

Waya da kwamfuta suna aiki da abin da ake kira manhaja. Manhaja umarni ne da mutum ya rubuta, na'ura tana bi. WhatsApp manhaja ce. Abin da ke kunna waƙa manhaja ne. Abin da ke aika kuɗi shi ma manhaja ne.

Akwai mutanen da ke rubuta muguwar manhaja da gangan. Ita ce ake kira birus. Birus ba ƙwayar cuta ba ce irin ta jiki. Ba ya kama mutum, ba ya kama dabba. Na'ura kaɗai yake kamawa. An ba shi wannan suna don yana yaɗuwa daga na'ura zuwa na'ura, kamar yadda ciwo ke bin garke.

Abin ba na yau ba ne. A shekarar 1986 wasu ƴan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan suka rubuta wani birus mai suna Brain. Lokacin mutane ba su da intanet a gida. Ta faifan ajiya ya yi ta tafiya, daga hannu zuwa hannu, har ya kai Amurka da Turai.

Muguwar manhaja iri biyu ce ta fi damun mai waya da mai kwamfuta.

Ta farko mai ɓarna ce. Tana ɓoye hotuna da takardu. Tana sa na'ura nauyi. Tana cinye kiredi da mega. Wata tana kulle kwamfuta baki ɗaya, ta ce sai an biya kuɗi kafin a buɗe.

Ta biyu ƴar leƙen asiri ce. Ita ba ta fasa kome. Shiru take yi, kamar gara cikin azara. Tana karanta saƙonni. Tana ganin lambar sirri lokacin da ake buga ta. Tana kwashe lambobin mutane, ta aika wa mai ita. Mai waya ba ya sani sai ranar da ya duba asusunsa ya iske wayam.

Akwai ƴar leƙen asiri mai tsada ƙwarai, kamar Pegasus ta wani kamfanin Isra'ila. A 2019 WhatsApp ya ce an kai wa mutum wajen 1,400 hari da ita. Irin wannan manyan mutane da ƴan jarida ake nema da ita. Wadda ke neman manomi da makiyayi mai araha ce, kuma kuɗinsa take so.

TA INA TAKE SHIGA?

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A karkarar Tasawa da Mayahi ƙofofin guda huɗu ne.

Ƙofa ta farko: katin memori. Ranar kasuwa mutane suna kai kati wurin yaron da ke tura waƙoƙi, wa'azi da fina-finai. Kati ɗaya ya fita, wani ya shiga, tun safe har la'asar. Kwamfutar yaron ta zama kamar rijiyar makiyaya, inda kowane garke ke shan ruwa. In kati ɗaya ya zo da birus, sauran suna iya komawa gida da shi. Galibi birus ɗin kwamfuta ba ya kama waya. Amma kati yana ɗaukarsa ya kai wa wata kwamfutar. Haka ma kile, wanda wasu ke kira filash.

Ƙofa ta biyu: manhajar da aboki ya turo. Matasa suna tura wa juna manhaja ta Bluetooth ko Xender don kada su kashe mega. Ba wanda ya san inda ta fito. Wasu irin WhatsApp ne na jabu, kamar GB WhatsApp, wanda kamfanin WhatsApp bai yarda da shi ba, har yakan rufe lambar mai amfani da shi.

Ƙofa ta uku: shuɗin rubutu. Saƙo ya zo yana cewa: «Taɓa nan ka samu mega kyauta», ko «Taɓa nan ka rubuta sunanka cikin masu samun taimako». Wanda ya taɓa, sai a ce masa ya sauke wata manhaja, ko ya rubuta lambar sirrinsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ƙofa ta huɗu: wayar da ta zo da ciwonta. Tsohuwar waya da aka saya hannun wani tana iya zuwa da abin da aka sa mata. Sabuwa ma wani lokaci haka ne. A watan Agusta na 2020 wani kamfanin tsaro mai suna Upstream ya bayyana cewa ya samu wayoyi 53,000 samfurin Tecno W2 ɗauke da muguwar manhaja tun daga kwali. An sayar da su a ƙasashe irin su Habasha, Masar, Gana, Kamaru da Afirka ta Kudu. Manhajar tana ƙoƙarin sa mutane cikin wasu ayyukan biya ba da saninsu ba, tana cin kiredinsu. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai ƙera Tecno, Itel da Infinix, ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya abin ya shigo, kuma ya fitar da gyara.

ALAMOMIN CIWO

Makiyayi yana gane saniya marar lafiya tun daga tafiyarta. Na'ura ma tana da alamomi:

– kiredi ko mega suna ƙarewa, alhali ba a yi kira ba, ba a shiga intanet ba;
– batir yana mutuwa da wuri, waya tana zafi ko tana aljihu;
– tallace-tallace da hotunan banza suna fitowa da kansu;
– an ga manhajar da ba wanda ya sa ta;
– dangi suna cewa sun samu saƙo daga lambar mutum, shi kuwa bai aika ba;
– a kan kati ko kile, waƙoƙi da takardu sun ɓace, sai wasu alamu masu ƴar kibiya a gefe.

Alama ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba. Tsohon batir ma yana mutuwa da wuri. Amma in biyu ko uku suka haɗu, a bincika.

YADDA AKE ZAƁEN RIGAKAFI

Maganin birus shi ne antibirus. Shi ma manhaja ne. Aikinsa ya binciki duk abin da ya shigo na'ura, ya tsare mugu. Antibirus na kirki na yau yana kama mai ɓarna, yana kama ƴar leƙen asiri. Ba sai an nemi magani biyu ba. Ga abubuwa shida da za a duba.

1. A fara duba abin da ke gida.

Mutane da yawa suna neman abin da suke da shi. Babbar waya mai Android wadda ke da Play Store tana zuwa da mai gadinta. Sunansa Play Protect. Kamfanin Google ya fito da shi a 2017. Ba a biyan ko dala. A buɗe Play Store, a taɓa ɗan da'irar da ke sama ta hannun dama, a zaɓi Play Protect. A tabbata yana kunne, a sa shi ya yi bincike.

Kwamfuta mai Windows ita ma tana da nata. Sunansa Microsoft Defender. Tun Windows 8, wadda ta fito a 2012, yake zuwa cikin kwamfuta a matsayin cikakken antibirus. A kwamfuta mai Faransanci ana samunsa wurin da aka rubuta Sécurité Windows, mai hoton garkuwa. In an ga alama kore, yana aiki. In an ga ja, akwai abin gyara. Ga kwamfutar gida, wadda ake rubuta takardu da kallon hotuna da ita, Defender da ake sabuntawa ya isa.

2. A san inda magani ya fito.

Makiyayi ya san bambancin allurar ma'aikatan kiwo da kwalbar da aka shanya a rana bakin kasuwa. Kwalbar tana da hoton saniya mai ƙiba, amma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Antibirus ma akwai na jabu, kuma suna da yawa.

A 2014 wata manhaja mai suna Virus Shield ta fito a Play Store. Ana sayar da ita kusan dalar Amurka 4, wato kusan jika 2 a lokacin. Mutum fiye da 10,000 suka saya. Da masana suka buɗe cikinta, sai suka iske ba ta binciken kome. In an taɓa ta, hoto kawai take canzawa, ta nuna alamar lafiya.

A 2019 wata cibiya ta ƙasar Ostiriya mai suna AV-Comparatives ta gwada antibirus 250 na wayar Android. Ta jarraba kowane da muguwar manhaja 2,000. Guda 80 kaɗai suka kama fiye da kashi 30 cikin 100 ba tare da sun zargi manhaja mai kyau ba. Guda 23 ne suka kama duka. Cikinsu akwai Avast, Avira, Bitdefender, ESET da Kaspersky. Wato cikin kowane uku, biyu ba su da amfani.

Saboda haka, wanda ke son ƙarin rigakafi ya zaɓi suna sananne wanda aka gwada. Na waya, a sauke shi daga Play Store kaɗai. Na kwamfuta, daga shafin kamfanin da ya yi shi. Kada a karɓi antibirus ta Bluetooth. Kada a karɓi wanda aka ce an fasa makullinsa don a yi amfani da shi kyauta, don sau da yawa cikinsa ake ɓoye birus. In kuma rubutu ya faɗo kan gilashi da jan launi yana cewa: «Wayarka ta kamu da birus 5, taɓa nan», wannan tarko ne. A rufe shafin.

3. Ɗaya ya isa.

Wasu suna sa antibirus uku ko huɗu, suna zaton ƙarfi ya ƙaru. Ba haka ba ne. A kwamfuta, antibirus biyu suna karo da juna, kowane yana ɗaukar ɗan'uwansa ɓarawo. Na'ura ta yi nauyi, tsaro ya ragu. Shi ya sa in aka sa wani antibirus a Windows, Defender yake ja da baya da kansa. Ba a yi wa saniya allura iri ɗaya sau uku rana guda.

4. Na kyauta ko na kuɗi?

Na kyauta na sanannen kamfani yana kama birus kamar yadda na kuɗinsa ke kamawa. Na kuɗi yana ƙara wasu ayyuka ne, kuma kowace shekara ake biya. Manomin da ke da waya ɗaya ba ya bukatar sayar da tiyar gero don wannan.

Sai dai a kula da abu biyu. Na farko, wani na gwaji ne. Mai gyara ya sa shi a kwamfuta, bayan wata ɗaya ya daina aiki, amma hotonsa yana nan. Mai kwamfuta yana zaton yana da mai gadi, alhali mai gadi ya daɗe da barci. In wa'adinsa ya ƙare ba za a biya ba, a cire shi baki ɗaya, a tabbata Defender ya koma aiki.

Na biyu, mai ba da kyauta yana da inda yake cin riba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin Avast biyan dalar Amurka miliyan 16.5, wato wajen miliyar 10 na sefa. Laifinsa shi ne ya sayar da labarin shafukan da mutane ke shiga, ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot, wanda ya rufe a 2020. Wannan kamfani ne da ya ci jarrabawar kama birus. Ke nan ko sanannen suna sai an sa masa ido.

5. A duba abin da yake tambaya.

Kowace manhaja tana neman izini kafin ta taɓa wani abu cikin waya. A karanta, ko a sa mai karatu ya karanta. Manhajar tocila ba ta da hulɗa da saƙonni. Manhajar wasa ba ta da hulɗa da lambobin dangi. Wadda ta nemi abin da ya wuce aikinta, a hana ta, a cire ta. Baƙon da ya roƙi ruwan sha, ba a ba shi makullin rumbu.

6. A duba ƙarfin na'ura.

Wayoyi da yawa na karkara ƙanana ne, wurin ajiyarsu kaɗan ne. Antibirus mai nauyi yana cinye wuri da batir, ga shi caji ma sai an biya. Manhajojin da ke cewa suna share waya, suna sanyaya ta, suna ƙara mata gudu, yawancinsu talla kawai suke kawowa. Ga ƙaramar waya, Play Protect da hankalin mai ita sun fi su.

RIGAKAFIN DA BA A SABUNTA BA

Dattawan makiyaya suna tune da ciwon bushiya. A 1962 aka fara babban gangamin lambar shanu a Nijar, Najeriya, Cadi da Kamaru. Ciwon ya kwanta. Da aka ga ya kwanta, sai aka yi sakaci da lamba. A farkon shekarun 1980 ya dawo, ya kashe shanu masu ɗimbin yawa a Afirka ta Yamma. Sai da aka sake tashi tsaye, shekara da shekaru, kafin a 2011 a sanar cewa an kawar da shi daga duniya.

Haka rigakafin na'ura yake. Kowace rana ana rubuta sababbin birus. Antibirus yana gane wanda aka nuna masa ne, da mai kama da shi. In bai samu sabon bayani ba, sabon ɓarawo zai wuce ta gabansa. Wannan bayani ta intanet yake zuwa. Shi ake kira sabuntawa. Kwamfutar da ta shekara ba ta shiga intanet ba, antibirus ɗinta ya tsufa, ko da sunansa ya kai ina.

Ita ma na'urar kanta tana bukatar sabuntawa, don a toshe ramukan da aka gano. A watan Maris na 2017 kamfanin Microsoft ya aika gyaran wani rami na Windows. Mutane da yawa ba su sa gyaran ba. Ranar 12 ga Mayu 2017 wani birus mai suna WannaCry ya bi ta wannan rami. Ya kulle kwamfuta fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150. Yana neman dalar Amurka 300 ga kowace, wato wajen jika 180. A Ingila asibitoci suka mayar da marasa lafiya gida. Magani yana nan wata biyu kafin ciwo ya zo, sakaci ne ya hana a sha.

Mai sayen tsohuwar kwamfuta ya tambayi irin Windows ɗin da ke ciki. Microsoft ya daina aika gyara ga Windows XP a watan Afrilu na 2014. Ya daina ga Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020. Gyaran da ya saba aika wa kowa na Windows 10 ya tsaya ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfuta mai XP ko Windows 7 tana iya rubuta takarda. Amma kada a yi harkar kuɗi da ita, kada a bar kowane kile ya shige ta.

Wanda ke ƙauyen da layi ba shi da ƙarfi, ya sa wa kansa rana. Duk ranar da ya shigo Tasawa, Mayahi, Maijirgi ko Kanambakashe, ya ware ƴan mega don sabuntawa. Kuɗin bai kai na asarar da ake gudu ba.

Yaran da ke tura waƙoƙi su ne suka fi kowa bukatar wannan. Dattijo yana da ikon tambaya kafin ya miƙa katinsa:

– Yaro, kwamfutarka tana da rigakafi?
– Tana da shi, Baba.
– Yaushe rabonka da sabunta shi?

Yaron da ya san aikinsa zai nuna alama kore, ya binciki katin kafin ya buɗe shi. Wanda ya yi ta kame-kame, a nemi wata rumfa.

ABIN DA ANTIBIRUS BA YA IYAWA

Allura ba ta hana kura shiga garke. Wannan aikin makiyayi ne. Akwai satar da ba birus cikinta ko kaɗan, kuma tana samun mai babbar waya da mai ƙarama.

Ga misali. A ce dattijo yana hutawa gindin gawo, waya ta yi ƙara. Murya mai ladabi ta ce:

– Salamu alaikum, Alhaji. Daga kamfani ne. Lambarka ta ci kyautar jika 500. Yanzu saƙo zai shigo da wasu lambobi. Ka karanto mini su, a tura maka kuɗinka.

Amsar da ta dace ita ce:

– Madalla, ɗana. In daga kamfani kake, gobe kasuwa, zan je wurin wakilinku da ƙafata.

Daga nan a kashe waya. Kamfanin waya ba ya tambayar lambar sirri. Kamfanin aika kuɗi ba ya tambayarta. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa ta saƙo makullin WhatsApp ɗin mutum ne. Wanda ya karanta wa wani su, ya ba shi gidansa. Ɓarawon zai shiga da sunansa, ya rubuta wa ɗansa da ke ci-rani: «Ba ni da lafiya, aiko kuɗi ta wannan lamba.» Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Don haka a riƙe waɗannan:

– Lambar sirri ta Airtel Money, Moov Money, Nita, Amana ko Al Izza ta mai ita ce shi kaɗai. Kada ta zama 1234, ko 0000, ko shekarar haihuwa. Kada a rubuta ta a bayan waya.
– A sa wa waya makulli. Wayar da aka bari wurin mai caji ko mai gyara ba makulli, cikin ɗan lokaci ana iya sa mata ƴar leƙen asiri. A kashe ta, a cire kati, kafin a miƙa.
– A cikin WhatsApp akwai wurin sa lambar sirri ta biyu, mai lamba 6, wadda mutum ke zaɓa da kansa. A sa ta.
– In saƙon neman kuɗi ya zo da sunan ɗan'uwa, a kira shi a ji muryarsa, a tambaye shi abin da ku biyu kaɗai kuka sani, kafin a aika ko dala.
– Abin da ke da muhimmanci a ajiye shi wuri biyu. Lambobin dangi da lissafin asusu a rubuta su cikin littafi. Birus ba ya cin takarda. Wannan ma yana cikin amfanin yaƙi da jahilci.

IN CIWO YA RIGA YA SHIGA

Kada a ji kunya, kada a ɓoye. Ɓoye ciwo shi ke kashe garke.

A kashe intanet na wayar. A sa Play Protect ko antibirus ya yi bincike. A cire duk manhajar da ba a sani ba. A je wurin wakilin kamfani a canza lambar sirri tun ranar. A sanar da dangi kada su aika kuɗi da sunan mutum.

In kati ne ya nuna babu kome, kada a yi gaggawar goge shi. Sau da yawa birus ya ɓoye kayan ne, bai cinye su ba. Mai gyara da ya san aiki yana iya fito da su a kwamfuta mai rigakafi.

In ciwo ya ƙi fita, mai gyara yana iya mayar da waya yadda ta fito daga kamfani. Wannan yana share kome da kome, don haka a kwashe hotuna da lambobi tukuna. Tsohuwar wayar da aka saya hannun wani, a yi mata haka tun ranar farko.

In an saci kuɗi, a kai ƙara wurin jandarma ko ƴan sanda. Kada a goge saƙon, kada a goge lambar da ta yi kira, su ne shaida. Nijar tana da doka kan wannan: doka mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, wadda ke hukunta laifuffukan da ake yi da waya da kwamfuta. Shiga na'urar wani ba izini laifi ne. Damfara ta waya laifi ce.

AIKIN KOWA DA KOWA

Lamba ba ta amfani in garke ɗaya aka yi wa aka bar saura. Waya ɗaya mai ciwo tana aika tarko ga duk lambobin da ke cikinta. Kwamfuta ɗaya ta kasuwa tana iya ɓata katin ƙauye goma.

Ƙungiyoyin manoma, na makiyaya da na mata su zaɓi matashi ɗaya ko budurwa ɗaya mai karatu kuma mai amana. Ranar taro ya duba wayoyin jama'a a gaban masu su: Play Protect yana kunne? Akwai makulli? Akwai baƙuwar manhaja? Ya nuna, mai waya ya taɓa da hannunsa. Lambar sirri kuwa ko shi ba a faɗa masa. Malaman yaƙi da jahilci su sa kalmomin da waya ke nunawa cikin darasi, don kowa ya iya karanta abin da ake tambayarsa kafin ya yarda.

Daga Hawandawaki zuwa Urafan, daga Sarkin Hausa zuwa Gidan Amumun, maganar ɗaya ce. A kunna rigakafin da ya zo da na'ura. In za a ƙara, a ƙara ɗaya, sananne, daga inda ya dace. A sabunta shi. A riƙe lambar sirri a ciki.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa. Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi bayani kan faifan hasken rana da yadda ake kula da batirinsa. Allah ya tsare dukiyar kowa, ya sa albarka cikin abin da aka noma.